Gidan da Kuka Ɗauke Daga Ƙarƙashin Tafin Seyni

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban jaridar da ke buga zanen Bawa Planto a shafinta na baya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, tun daga masu riƙe alƙalami har zuwa masu ɗaure jarida su kai ta kiyas, rumfar sayar da jarida, da sassafe. Ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya.

Sunana Maman Lawali. Tela ne ni, Bagobiri, na shigo Yamai da keken ɗinkina ɗaure a saman mota tun gashin kaina yana baƙi ƙirin. Na daɗe ina aiki a Kalley, daga baya tsadar haya ta kora ni Bobiel. Karatuna na lakwal, wato boko, bai kai sartifika ba, Faransancina na karantawa ne a hankali, ba na rubutawa ba, shi ya sa na rubuto da Hausa. Na san ba za a rasa mai karanta maka ba a biro ɗinka, wato ofishinka. Na kuma bar wasiƙar a buɗe kowa ya gani, don na riga na zo ƙofarku da ƙafata na koma ba a saurare ni ba.

Ƙarata ɗaya ce. Zanen Bawa Planto gida huɗu ne a jere tun ranar da aka fara shi: uku na farko su shirya maganar, na huɗu ya kashe ta. Tun bayan sallar layya da ta wuce kuka koma buga uku kawai. A gurbin na huɗun kuka sa wani baƙin murabba'i mai ɗige-ɗige, da rubutu a ƙasansa wai a ɗauka da waya a ga ƙarshe. Bari in faɗa maka abin da wannan dabara ta jawo a wani gida a Kalley.

Na ɗaya. Ya kamata ka san ko su wa ke karanta shafinka na baya.

A ƙofar tsohon shagona, inda hanya ke gangarawa Peti Marshe, muna da fada ta shayi. Da ni, da Malam Abdu mai gyaran agogo, da wasu biyu da suka koma garuruwansu, sai Seyni direban taksi. Seyni Bazabarme ne, haifaffen Yamai, abokin wasana, wanda tun ranar da muka haɗu ya sanar da ni cewa ni bawansa ne kuma ɗinkina duk a karkace yake. Ni kuma na shaida masa taksinsa ba ta tashi sai an tura ta da addu'a. A haka muka tsufa.

Shi ne ke sayen jaridar, ko da yake bai iya karanta ko harafi ɗaya na Faransanci ba. Yakan ajiye mota bayan ya sauke fasinjojin safe, ya zauna a kan benci, ya juya jaridar ta baya ba tare da ya dubi labarin ministoci ba, ya kawar da kai, ya lalubi ƙarshen layin ya dafe gida na huɗu da tafin hannunsa na dama. Sai ni in karanta maganar da ke cikin gidaje ukun in mayar da ita Hausa. Daga nan kowa ya faɗi abin da yake zaton zai faru. Sai an gama zagaye kaf Seyni zai ɗaga hannu. Wanda ya fi kowa yin nisa da gaskiya shi ke hura gawayi ya wanke kofuna ranar. Ba wanda ya tsara wannan doka, kuma ba wanda ya taɓa karya ta. Ko ɗinkin amarya ne a gabana, idan Seyni ya dafe takarda sai in cire ƙafa daga keke.

Mun san Bawa, ɗan aiken biro, kamar maƙwabci. Mun san dogon wuyansa da kekensa marar birki, mun san patron ɗinsa, shugaban biro mai tumbi da ke aika shi sayen goro a lokacin aiki, mun san akuyarsa da ke bin sa biro tana cinye takardun gwamnati. Ranar da patron ya rubuta takardar korar Bawa ya ajiye a kan tebur, dukanmu muka ce yau kam Bawa ya tafi. Seyni kaɗai ya ce mu dubi idon akuyar a gida na uku. Da ya ɗaga hannu, ga ta tana tauna, kusurwar takardar da tambarin biro na leƙowa daga bakinta. Dariyar da muka yi har mai waina ta ƙetaro titi ta zo ganin ko lafiya. Seyni ya dube ni ya ce, da Hausarsa ta ƴan Yamai: "Tela, kai baki kake karantawa, ni ido. Tashi ka hura wuta."

Mun yi gardama a kan wannan zane fiye da yadda muka yi a kan siyasa. Malam Abdu ya dage har ya bar duniya cewa ba akuya ɗaya ba ce, don ba akuyar da ke kai waɗannan shekaru, sai dai mai zanen yana sauya ta a ɓoye. Ni na riƙe cewa wata rana za a yi wa Bawa ƙarin girma, Seyni yana cewa ranar da aka yi haka zai daina sayen jarida. Duk shekara idan layya ta matso patron ya fara zagaya akuyar yana shafa tumbi, sai ka ga fada ta yi tsit kamar ɗiyar wani ce ba ta da lafiya. Lokacin da mai zanen ya sauya wa Bawa keke da moto, wato babur, mun yi fushi na gaske, Seyni har ya ce an mayar da mutumin kirki ɗan iska. Ba a daɗe ba ɓarayi suka sace moton a cikin zanen, keke ya dawo, muka yafe. Ba mu taɓa sanin sunan mai zanen ba. Abin da muka sani ɗan ƙadangaren da yake zanawa a lungun gida na huɗu a matsayin sa hannu, wani lokaci yana barci, wani lokaci yana dariya tare da mu.

Ina kewar waɗannan safiyoyi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ba don kewa na rubuto ba.

Na biyu. Fada ta watse kamar yadda fada ke watsewa, ta rage ni da Seyni. Da na koma Bobiel, shi ke biyo ni da taksinsa da jaridar a naɗe a gaban gilashi. Sai bara da damina ciwon hawan jini ya kada shi a bakin masallaci. Ya tashi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama a shanye, magana kuma ta tafi, sai "to" da sunan Allah. Mutumin da ba ya barin kowa ya ƙarasa zance, shi ne aka mayar gida aka kwantar a ƙarƙashin rumfa ya juya fuska ga bango. Matarsa, Haja Hamsa, ta ce ko abinci sai ta yi da gaske. Ana kai shi wajen masu motsa jiki, su ɗaga hannun su sake, ya faɗi, shi kuwa ko kallonsa ba ya yi.

Sai na juya tafiyar. Na koma tashi daga Bobiel bayan asuba, in hau taksin da ba ta kai tasa iya tuƙi ba, in sayi jaridarku a kiyas, in wuce gidansa a Kalley kafin in buɗe shago. Ranar farko na shimfiɗa masa shafin baya a kan faranti a cinyarsa, idona a rufe don kada in ga ƙarshe, na ce masa ya dafe. Ya miƙo hannun hagu. Na ce ban yarda ba, tun da nake ban taɓa ganin an dafe Bawa da hagu ba, kuma ba zan fara a gidan Bazabarme ba. Ya harare ni harara mai kyau, irin ta da. Sannan ya sa hagun ya ɗauko na daman ya aza a kan gida na huɗu.

Muka samo yadda zai yi hasashe ba da baki ba. Yakan nuna da yatsan hagu wanda yake ganin zai kwana ciki ranar, ko Bawa, ko patron, ko akuya. Ni in faɗi nawa. Sai kuma in ƙara wata doka daga aljihuna: hannun da ya rufe shi zai buɗe, ba taimako. Kwanakin farko haka za mu zauna shayi ya huce, gumi na tsatso masa a goshi, Haja tana ce mini in ji tsoron Allah. A ƙarshe in tausaya in janye takardar daga ƙasa. Amma Seyni mutum ne da ba ya iya haƙurin rashin sanin ƙarshen magana. Wata safiya, tsabar son ganin ko akuya ta tsira, hannun ya ja gefe kamar faɗin yatsa. Haja ta ajiye tsintsiya ta shiga ɗaki, na ji tana kuka. Kafin azumi yana iya zame hannun gaba ɗaya. Kafin layya yana ɗaga shi sama kaɗan, yana rawa, amma yana ɗaguwa. Likitan da ke duba shi ya ce ko mene ne muke yi da safe, kada mu bari. Ranar da ya ci ni kuwa, sai ya nuna mini kaskon gawayi da haɓa yana dariya da rabin baki.

Na uku. Litinin ɗin da kuka fara sabon tsarinku ba ku sanar da kowa ba. Ko kun sanar, ba a shafin baya ba ne. Na sayi jarida na naɗe ban duba ba, kamar kullum. Seyni ya aza hannu. A gida na uku Bawa yana tsaye a kan tsani yana gyara wa patron fanka, akuya tana shinshinar igiyar da ta riƙe tsanin. Seyni ya nuna patron, ni na ce Bawa. Ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga hannu, sai ga baƙaƙen ɗige-ɗige.

Mushe Darakta, ina so ka tsaya a nan ka ga abin da na gani. Seyni ya dubi wurin ya daɗe. Ya juya tafin hannunsa da hagu ya duba ciki, ko zanen ya manne a can. Ya murza idonsa ya sake dubawa. Ya matso da takardar, ya nisantar da ita. Sannan ya dube ni da wani irin tsoro da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ko ranar da aka kwantar da shi asibiti. Shi a zatonsa zanen yana nan, ni ina gani, shi ne ciwon ya hau kansa har ya daina gane hoto. Ya riga ya rasa baki, ya ɗauka yau ido ne ya bi. Na rantse masa nima abin da nake gani ke nan, Haja ta zo ta rantse, bai yarda ba, don ya san mun saba ɓoye masa abubuwa tun da ya kwanta. Sai da na fita na tsayar da wani mai wucewa da bai san mu ba ya shaida. Dattijo mai jikoki ya zubar da hawaye a kan shafinku na baya saboda wani a biro ɗinku ya ga dama. Raina ya ɓaci ranar, kuma har yau bai gama hucewa ba.

Na huɗu. Kada a ce ba mu gwada hanyarku ba. Ramatu, babbar ɗiyarsa, tana da wayar da ake shafawa. Ta zo daga gidan mijinta ta ɗauki ɗige-ɗigen. Rezo, wato layin intanet, ya yi ta juyi. Da ya buɗe, sai tallan shinkafa, sai tallan wani gidan caca na ƙwallo, sannan Bawa ya fito ƙanƙane, sai an ware shi da yatsu biyu. Lokacin shayi ya yi sanyi, abin dariyar ma ya yi sanyi. Kuma waya ba ta dafuwa. Seyni ya aza mata hannu, hoton ya gudu, wani abu dabam ya fito. Ban da haka, Ramatu tana da gidanta da aikinta, ba za ta riƙa ƙetare gari kowace safiya don akuya ba.

Sai na yi dabara irin ta tela. Na riƙa biyawa wani siber, shagon intanet da ke kusa da kiyas, mai wurin ya buɗe gida na huɗu ya buga mini a takarda. In yanke da almakashi daidai girman gurbin, in ɗinke shi a kan jaridar da zare fari, ɗinki mai kyau wanda ko Seyni ba zai ce ya karkace ba. Na kai masa ina jin kaina gwani. Ya aza hannu, ya ji zaren a ƙarƙashin tafinsa. Ya bi ɗinkin da babban yatsa har ya zagaye. Ya ɗago ya dubi fuskata. Na karanta gidaje uku, na yi kamar ina tunani, na faɗi hasashen da na san kuskure ne don ya ci. Ai kuwa mai karanta ido ne. Ya gane na riga na gani, ya kuma gane da gangan na faɗi. Ya sa hagu ya ture farantin. Na sake gwadawa washegari, na ce da mai siber ya ninke takardar kada in gani, amma ba a ɗinka abu ido rufe, kuma Seyni ya daina yarda da ni a kan wannan. Haja ta raka ni ƙofa ta ce: "Tela, ka bari. Ba hoton yake so ba. So yake ku zama ku biyu ba wanda ya sani, kamar da."

Gaskiyarta. Duk gidan nan kowa ya fi shi sanin komai yanzu: abin da likita ya ce, abin da magani ya ci, wanda ya zo gaisuwa aka ce yana barci. A kan gida na huɗu ne kawai ni da shi muke daidai, har ma ya fi ni. Wannan kuka ɗauke.

Na biyar. Na rufe shago na zo biro ɗinku da jaridar a hannu. Gardi ya karɓe ni da mutunci, ban da ƙorafi a kansa. Wata madam a teburin shiga ta ce kana cikin taro. Na jira har azahar, aka ce ka fita ta wata ƙofa. Na yi mata bayani iyakar iyawata, ta saurare ni tana duba wayarta, ta ce ai zamani ne ya zo da haka, ana so a jawo matasa zuwa shafinku na intanet, in sa jikana ya nuna mini. Ban yi mata rashin kunya ba, sa'ar ɗiyar cikina ce. Amma ina tambayarka kai: matasan nan da kuke nema, su ne ke tsayawa a kiyas da safe su sayi takarda? Je ka tsaya ka gani. Mu ne, masu furfura da tabarau a ɗaure da zare. Kuɗin jaridar bai ragu ba, mu muke biya cikakke, a ba mu labari ba ƙarshe. Ni idan na ɗinka wa mutum riga na bar hannu ɗaya na ce ya je Bobiel ya karɓo, ba zai sake kawo mini yadi ba, kuma da gaskiyarsa.

Ga abin da nake roƙo, cikin ladabi.

Ku mayar da gida na huɗu inda yake, a takarda, kowace rana. Ɗige-ɗigenku ku sa shi a gefe, mai waya ya ɗauka, ba mu hana kowa ba. Idan wuri ne ya yi ƙaranci, a rage girman hoton masu yanka kirtani a bikin buɗe gini, ba wanda zai yi kuka.

Idan wannan ya gagara saboda wata yarjejeniya da masu talla da ban sani ba, to ku riƙa buga ƙarshen na jiya a jaridar yau. Za mu yi hasashe mu kwana da shi. Mutanen da suka yi shekaru suna jiran a yi wa Bawa ƙarin girma ba za su kasa jiran kwana ɗaya ba.

Sannan a isar da gaisuwata ga mai zanen, ko wane ne shi. A gaya masa tun da aka ɗauke gidan nan ba mu sake ganin ƙadangarensa a jarida ba, kuma ban yi zaton da son ransa aka raba aikinsa biyu ba. A gaya masa akuyarsa ta ɗaga hannun da masu motsa jiki suka yi ta fama da shi.

Ban zo da barazana ba. Ba ni da ƙungiya, ba ni da kowa a sama, kuma ba zan ce zan daina sayen jaridarku ba, don ƙarya zan yi. Har yanzu ina saye, ina zuwa. Seyni yana ɗauko hannun daman da hagu ya aza a kan baƙin murabba'in, in karanta masa gidaje uku, ya nuna wanda yake zato. Daga nan sai mu zauna. Ba ya ɗagawa, don ya san abin da ke ƙasa. Haja ta ce yatsun sun fara komawa lanƙwashewa kamar farkon ciwon, likita kuma ya tambaye ta me muka daina yi.

Allah ya ƙara wa jaridarku albarka da masu karatu, matasa da tsofaffi. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya tsare ka da kwanciyar da mutum zai rasa bakin faɗin abin da ke ransa, ya kuma ba ka abokin da zai ƙetare gari ya zo maka da safe idan tsufa ya zo.

Gobe in Allah ya kai mu zan sayi jaridarku in naɗe ta, ba zan dubi shafin baya ba sai na isa Kalley. Seyni zai aza hannunsa. Ni zan iya roƙonsa ya ɗaga sau ɗaya tak, in ce masa na rubuta wa Darakta. Abin da zai tarar a ƙasa kuwa, wannan yana wurinka.

Wassalam, daga mai karanta shafinku na baya,

Maman Lawali, tela
Bobiel, Yamai